Zaman Makokin Kwamanda

Wani ne a nan Jimeta. Ba zan kama sunansa ba, don uwarsa na raye can wajen Ganye, kuma an ce mutuniyar kirki ce. Ba ita ta zaɓi abin da ta haifa ba. Haya yake yi a layinmu, gidan Goggo Na'inna, ɗakin ƙofar gida. Sana'arsa gyaran fanka. Ta ɗakinsa kuwa ba ta juyawa sai an tura ta da sanda.

Hannunsa na da kyau, ba zan ci haƙƙinsa ba. Ciwonsa ɗaya ne: fim. Ba kuma irin wanda ake soyayya, a yi aure, a haihu, kowa ya kama gabansa ba. Irin na sama. Jirage kamar kaskon tuya suna bin juna cikin taurari, ƙarti sun kifa tukunyar gilashi a ka, ana ta harbi da wuta mai launi. Akwai wani da ya fi shiga ransa. Sunansa na Turanci ne, bakina bai ɗauka ba, ban kuma roƙe shi ya ɗauka ba. Yara dai Kwamanda suke ce masa, wai sunan babban cikinsu ke nan. Mutumin namu tun yana ɗan makaranta ya ga kashi na ɗaya. Daga nan aka ce ana yin na biyu. Aka yi ta yi, aka yi ta yi. Waɗanda suka fara jira da gajeren wando har suka tara gemu.

Ana cikin wannan jira ya ga Raliya, 'yar Bappa Bobboyi na Wuro Hausa. Yarinya mai hankali, ban san me ta gani ba. Bappa Bobboyi kuwa mutum ne da maganarsa ba ta cika cokali. Yana da gonar shinkafa a Njuwa, yana da 'yan dabbobinsa, ba ya dariya sai da dalili. Ya sa aka yi masa bincike, sannan ya kira mutumin ya zaunar da shi a zaure.

"An ce mini kana da sana'a."

"E, Bappa."

"An kuma ce mini kana da benci a gidan kallo. Ko ba ka zo ba, ba mai zama a kai."

Mutumin ya sunkuyar da kai.

"'Yata ba za ta auri benci ba. Ko ita, ko shi."

Nan take ya rantse. Ya ce shi da gidan kallo har abada, ko gobara ake yi a ciki ba zai kai guga ba. Bappa ya ce to. Aka sa rana. Bappa ya ɗaure farin rago a tsakar gida na walima, ya ware buhun shinkafa daga gonarsa. Abu ya rage 'yan kwanaki.

Sai kashi na biyu ya fito.

Ku da ba ku nan lokacin, ba za ku gane ba. Tun kafin fim ɗin ya iso Jimeta gari ya rabu biyu, kamar an zo zaɓe. A teburin mai shayi faɗa. A tashar keke faɗa. Wasu sun ce tun da aka fara fim a duniya ba a taɓa yin irinsa ba. Wasu sun ce an ɓata musu yarintarsu, a dawo musu da ita. Shugaban masu yabo wani ɗan keke ne, Abdulhakeem, wanda ya manna hoton Kwamanda a gilashin kekensa har ba ya ganin rami. Shugaban masu suka kuwa Zadok, ɗan jami'a. Shi wannan waya yake ɗaurawa a kan sanda, ya riƙe ta a gabansa yana yi mata magana, yana raba wa finafinai taurari kamar shi ya rataye su a sama. Kwamanda na biyu tauraro biyu ya ba shi, tun bai gani ba. Ya ce in ya gani zai rage.

Ni ma jikokina sun nuna mini a waya daga baya. Na zauna na duba, tun daga farko har inda haƙurina ya kai. Ba wanda ya ɗora tukunya. Ba wanda ya ɗebo ruwa. Ba wanda ya ce bari in zaga baya. Ƙarti cike da jirgi, ba wanda ya yi wanki. Na ce musu mutanen nan ba yaƙi ne zai kashe su ba, ƙazanta ce.

To, mutumin namu ya shiga uku. Ya cusa auduga a kunne don kada wani ya faɗa masa ƙarshen. Kana ce masa fankarka na ƙara, yana ce maka lafiya lau. Ya rame. In ya tuna Raliya sai ya ce na haƙura. In keken Abdulhakeem ya wuce da hoton nan sai ya bi shi da kallo har ya sha kwana.

Ranar Asabar aka ce za a haska shi karon farko da hantsi. Ya tashi ya yi wanka, ya gaya wa Goggo Na'inna zai je wurin tela duba kayan angonci. Ya zaga ta bayan layi. Ya ja hular sanyi har hanci don kada a gane shi. Hular sanyi, a zafin Yola! Duk wanda ya wuce sai ya ce masa, "Ango, zazzaɓi ne?"

Ya shiga. Bencinsa na nan yana jiransa, na gaba. Aka tada janareto.

Aka yi ta harbe-harbe. Can wajen ƙarshe jirgin ya kama da wuta. Kwamanda ya tura yaransa duka cikin wani ƙaramin jirgi, ya kulle su, shi ya tsaya. Ya yi musu jawabi. Ya danna wani jan abu. Komai ya tashi. Allo ya yi baƙi, rubutu ya fara hawa.

Mutumin namu ya kurma ihu. Ya tsallake benci, ya take ƙafar mutane, ya fita da gudu. Abdulhakeem na kiransa, "Tsaya! Tsaya mana!" Ina! Ya yi gaba.

Ya iso gida. Ɗaki kamar tanda. Ya tura fanka da sanda, ta yi juyi ɗaya ta tsaya. Sai ya jawo tabarma ya shimfiɗa a ƙofar gida, gindin dogonyaro. Ya cire hula. Ya cire takalmi. Ya zauna ya haɗa kai da gwiwa, yana kuka kamar an yaye shi.

Goggo Na'inna ta fito zubar da ruwan wanke-wanke. Ta tsaya.

"Kai, ɗan nan, lafiya?"

"Goggo... Kwamanda. Kwamanda ya tafi."

Kwano ya faɗi. "Innalillahi wa inna ilaihi raji'un! Yaushe?"

"Yanzu-yanzu. Jirginsu ne ya kama da wuta."

"Wayyo ni Na'inna! Ashe kana da soja ba ka taɓa faɗa ba?"

"Tun ina yaro nake tare da shi, Goggo. Duk abin da na zama, shi ne. Shekara da shekaru ina jiran in sake ganinsa. Yau ina ganinsa..."

"Ya isa. Ya isa, kar ka tuna."

Ta shige gida da salati.

Mu nan haka muke. In ka ga namiji zaune kan tabarma a ƙofar gida, ba hula ba takalmi, hawaye na zuba, ba a tsayawa tambaya. Takalmi ake cirewa a zauna. Mai yawan tambaya a wurin makoki ba a yi masa tarbiyya ba. Kuma duk wanda ya zauna da Fulani ya san ba a kama sunan babba. Wanda ya ce Kwamanda ya yi shiru, to wansa yake nufi, ko ƙanin ubansa. Wa zai tone shi?

Na farkon zama Baba Apollos ne, maƙwabcinsu, tsohon ma'aikacin gwamnati. Ya cire takalmi ya zauna gefen tabarma.

"Sannu, ɗana. Sai haƙuri. Na ji abin da ya faru."

Mutumin ya ɗago da jajayen idanu. "Baba, kai ma ka ji?"

"Duk layi ya ji."

"Ya iya tsira fa, Baba. Akwai wuri a ƙaramin jirgin. Ya tura yaransa, shi ya tsaya."

Baba Apollos ya cire tabarau ya goge ido. "Wannan shi ne ofisa. Ba irin na yanzu ba. Ya bar mata?"

"Ɗaya. Tana can nesa, ba ta ma sani ba."

"Kai! Kai! Kai! Akwai hoton shi?"

Ya ciro waya ya nuna. Ga ƙato nan cikin kayan ƙarfe, kai cikin tukunyar gilashi, ba ido ba hanci. Wayar ta zaga hannu-hannu har ta shiga cikin gida wurin mata. Goggo Na'inna ta duba ta fashe da sabon kuka.

"Ga kamar nan! Kafaɗun nan ai nasu ne na gida!"

Labari ya kama hanya. A bakin layi jirgi ne ya faɗi. A kasuwa wansa ne uwa ɗaya uba ɗaya. Kafin ya isa Yola, wan nan shi ya biya masa makaranta, shi ya saya masa kayan gyaran fanka, kuma shi ne zai zama waliyyinsa ranar ɗaurin aure.

Tabarma ta cika. Aka ƙaro wata. Jauro mai unguwa ya aiko da rumfa da kujerun roba. Rhoda, matar Baba Apollos, ta shigo da matan cocinsu ɗauke da bokitin kunun gyaɗa. Ni ma na sauke ƙaramar tukunya na ɗora babba. Makoki ba ya jiran a gayyace ka.

Shi kuwa gogan yana zaune yana kallon jama'a, zuciyarsa fari ƙal cikin baƙin ciki. Yana ce wa ransa, ashe garin nan da masu ido! Ashe har tsofaffi suna kallo a ɓoye! Duk wanda ya ce masa "Ya haƙuri?" sai ya ce, "Haƙuri sai mu duka. Rashin na kowa ne." Sai a ce, "Allah sarki, ji hankali."

Bayan azahar sai ga a-kori-kura ta tsaya. Bappa Bobboyi ya sauko, da Modibbo malamin unguwarsu, da dattawa. A bayan motar ga farin ragon nan na walima. Ga buhun shinkafa.

Mutumin ya hango su. Ya ce a ransa shi ke nan, an kai ƙarata. Amma Bappa ya cire takalmi, ya zo ya zauna kusa da shi har gwiwarsu na taɓa juna. Abin da bai taɓa yi ba. Ya dafa kafaɗarsa.

"Na ji. Ban iya cin abinci ba."

Mutumin ya dube shi baki buɗe. Ya matso ya rage murya. "Bappa... ashe kai ma?"

"Wa zai ji wannan bai girgiza ba?"

"Ka ga lokacin da ya danna jan abin nan?"

"Ban gani ba. Labari aka ba ni."

"Kash! An cuce ka, Bappa. Wannan ai da ido ake gani. Zan nemo maka a waya."

"A'a, a'a. Zuciyata ba za ta ɗauka ba."

Modibbo ya gyara zama zai yi addu'a. Ya ce, "Mene ne sunan mamacin, da na mahaifinsa?"

Mutumin ya buɗe baki. Ainihin sunan Kwamanda na Turanci ya ƙi fitowa, don shi ma bai taɓa iya faɗarsa daidai ba. Bappa ya ɗaga hannu.

"Modibbo, kar a matsa masa. Babba ne. Yaro mai kunya ba ya kama suna. Allah ya san wanda ake nufi."

Aka shafa fatiha. Bappa ya juya ya ce da mahauci, "A kwantar da ragon. Walima ta jira, sadakar mamaci ba ta jira." Ya sake dafa mutumin. "Na yi maka mummunan zato a da. Daga yau ni ne wanka, ni ne ubanka."

Can an jima wayarsa ta yi ƙara. Raliya ce. Ya kara a kunne. Tana kuka.

"Allah ya ji ƙan Hamma. Me ya sa ba ka taɓa gaya mini kana da wa soja ba? Inna ta ce ko gawar ba a samu ba."

"Wane wa?"

"Wanka mana. Kwamanda."

Ya sauke wayar a hankali. Ya dubi rumfa. Ya dubi Modibbo. Ya dubi mata suna tsince shinkafa. Ya dubi katanga, ga fatar farin rago an riga an shanya.

Sai a lokacin hankalinsa ya dawo daga sama.

 Sabon kuka ya zo, wannan karon na gaske. Jama'a suka ce, "Yanzu abin ya sauka masa a zuciya. Ku bar shi ya yi." Ya yi lissafinsa. In ya yi magana, ba Raliya. In ya yi shiru, wa ne kawai ya mutu, wan da ma babu shi. Ya ce wa ransa, bakina alaikum. Ko wuƙa aka sa mini.

Da zai tsira fa. Wallahi da zai tsira.

La'asar ta yi, nama ya nuna, an fara rabawa. Sai ga Zadok. Ya ji labarin wai mutumin ya fita daga gidan kallo da kuka, ya zo ya yi masa dariya a gaban mabiyansa na waya. Da baya-baya ya shigo layin, sanda a gaba, yana kallon fuskarsa. Mai kallon fuskarsa kuwa ba ya ganin rumfa.

"Jama'ata, ga mu a gidan babban mai kukan Kwamanda! Ga shi can a tabarma! Kai, abokina, wai da gaske kuka kake yi? A kan wannan mutuwar banzar?"

 Mutumin ya fara ƙifta masa ido. Ya girgiza kai. Ya ɗora yatsa a baki. Zadok bai gani ba.

"Ni wallahi da ya mutu tafi na yi! Gara da ya mutu! Tun tuni ya kamata a kashe shi. Mutum zai mutu, sai ya tsaya surutu? Jirgi na ci da wuta yana jawabi! Ni har barci na yi na farka bai gama mutuwa ba!"

Wata mata ta ce, "La'ilaha illallahu!"

"Kuma ku duba, ba shi da wata dabara sai danna jan abu. Wancan karon jan abu, wannan karon jan abu. Ai ni tauraro biyu na ba shi, yanzu na ƙwace ɗaya!"

Baba Apollos ya miƙe. Ya cafko kunnen Zadok ya murɗe.

"Zadok ɗan Philemon! A wane coci aka koya maka wannan? Mutum ya ba da ran shi, kai kana ƙwace mishi tauraro? Kai ne ka ba shi?"

Sai a nan Zadok ya waiwaya. Ya ga rumfa. Ya ga dattawa. Ya ga samari sun ajiye kwanon nama suna naɗe hannun riga.

"Baba, tsaya! Ba ku gane ba! Kai, abokina, faɗa musu mana! Faɗa musu wane ne Kwamanda!"

Duk ido ya koma kan tabarma. Mutumin ya sunkuyar da kai, ya ce da ƙaramar murya, "Ni ban san shi ba."

"Ba ka san ni ba? Ni? Wa ya ara maka cajar waya jiya?"

Modibbo ya ce, "Ƙwaya ce. Yaran yanzu. Ku riƙe shi kar ya ji wa kansa ciwo." Samari suka riƙe shi. Wani ya tafi neman igiyar ragon, tunda ragon ya gama da ita. Duk abin da Zadok ya faɗa, sai a ce, "Ka ji ko? Wai fim. Allah ya ba shi lafiya."

Mutumin ya sauke ajiyar zuciya. Har ya miƙa hannu ya ɗauki tsoka ɗaya.

Sai ga keke ya shigo layin a guje, yana ta hon. Abdulhakeem ya diro tun bai tsaya ba.

"Albishirinka! Albishirinka! Tun ɗazu nake nemanka, fasinja suka riƙe ni! Bai mutu ba! Kwamanda bai mutu ba!"

Cikin gida ya ɗauki guɗa. Goggo Na'inna ta fito ba mayafi, ta faɗi ta yi sujada a kan ƙasa. Rhoda da matan coci suka ɗaga hannu suka kama waƙa. Modibbo na ta kabbara. Bappa Bobboyi da kansa, mutumin da ba ya dariya sai da dalili, haƙoransa suka fito.

Baba Apollos ya ce, "Yana wane asibiti?"

Abdulhakeem bai ji shi ba. Ya durƙusa gaban abokinsa. "Kai ka yi gaggawa! Na ce ka tsaya! Aka nuno shi yana shawagi, kayansa duk sun ƙone. Sai ɗan yatsansa ya motsa!"

Mutumin ya ji tsokar ta faɗi daga hannunsa. Ya san ya kamata ya yi shiru. Bakinsa ne bai sani ba.

"Rantse."

"Wallahi tallahi! Na hagu! Gidan kallo har benci aka karya don murna!"

Zadok, yana riƙe a hannun samari, ya tofar da yawu. "Yaudara! Wannan ita ce ƙaramar dabara mafi arha a duniya! Don su sayar muku da na uku ne, wawaye! Na ɗaya ya fi shi sau goma. Kashi na biyu shara ne. Shara! Ko a kyauta aka ba ni ba na sake kallo!"

To, a zagi mamacinka ka yi shiru, wannan ana iyawa. Ya ma iya ɗazu. Amma a ce na ɗaya ya fi na biyu?

Mutumin ya yi tsalle ya miƙe tsaye a kan tabarma.

"Ƙarya kake! Ƙarya kake, Zadok! Kai me ka sani a fim? A na ɗaya jirgi nawa aka fasa? A na biyu fa? Ka ga yaƙin nan na bayan wata? Ka ga inda dodon ƙarfen ya haɗiye tashar? Kai a baya ka zauna kana latsa waya! Ni a bencin gaba nake, tun da aka tada janareto ko ƙiftawa ban yi ba! Har hular sanyi na sa don in gani! Gobe ma in aka haska sai na koma, in ga yatsan da idona! Fim ɗin da ya fi wannan ba a haife shi ba!"

Ya tsaya yana haki.

Guɗa ta mutu. Waƙa ta mutu. Goggo Na'inna ta ɗago daga sujada, goshi duk ƙasa. Modibbo na riƙe da ƙashi, ya dube shi, ya dubi jama'a, ya yi sauri ya tsotse ɓargon kafin a ce haramun ne. Samari suka saki Zadok. Baba Apollos ya saki kunnen, ya ma shafa masa shi.

Bappa Bobboyi ya ɗaga kai. Ya daɗe yana kallon fatar ragonsa a katanga. Sannan ya yafito Abdulhakeem da hannu.

"Zo nan, yaro. Wannan Kwamandan, ɗan fim ne?"

"E... e, Bappa."

"Ya mutu."

"Ya mutu, Bappa."

"Kuma bai mutu ba."

"Wato, Bappa, in fim ya ƙare, sai rubutu ya yi ta hawa, sunayen waɗanda suka yi aikin. Mutane sai su tashi su tafi. To wanda ya yi haƙuri ya zauna har rubutun ya ƙare, shi ake nuna wa ɗan abin da ya rage. A nan ya motsa yatsa."

"Bayan rubutu."

"Bayan rubutu, Bappa."

Bappa ya gyaɗa kai. Ya jawo takalminsa ya sa, ɗaya bayan ɗaya. Ya karkaɗe rigarsa. Ya ce da direba a ɗauko fatar, ita dai ba za a bar ta ba. Ya nufi mota.

Mutumin ya bi shi da rarrafe, ba hula ba takalmi, ya kama bakin rigarsa.

"Bappa! Bappa, don Allah! Maganar aurenmu fa?"

Bappa ya waiwayo ya dube shi.

"Ta mutu. Amma kar ka tashi, koma tabarmarka ka jira bayan rubutu, ƙila ta motsa yatsa."